Akwatin da Aka Sauke a Aliero

Ni dai tuwo nake sayarwa a bakin kasuwar albasa ta Aliero, kuma duk abin da ya shigo garin nan a kan taya sai ya wuce ta gaban rumfata. Sunana Gudiya. Alu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi, don haka idan na ce wani lokacin kansa ba ya ja, ba mai hana ni faɗa. Labarin irin albasarsa zan ba ku.

Ku fahimci wani abu tukuna. Albasar da ake lodawa a mota a kai Kudu daban, albasar iri daban. Ta iri ita ce wadda ake zaɓar kawuna masu kyau a sake binnewa, ta yi tsiri, ta fitar da farin fure, a sami ƙwayar da za a shuka baɗi. Namu irin na babanmu ne, shi ma a wurin nasa uban ya samu. Ja ce, mai tauri, tana daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba. Tun daga Jega mutane ke zuwa roƙon Alu ya sam musu ko cikin murfin kwalba ne. A gidanmu ba a taɓa sayen iri a kasuwa ba, kuma Alu yana faɗin haka a duk inda ya zauna, har ya gunduri mutane. Bara kuwa duk ƙwayar da ke hannunsa ya shuka ta, ya rabar da saura, don haka abin da ke cikin lambu shi ke nan mana.

Lambun yana bayan gari, kan ɗan tudu. Masu fadama suna tona rijiya gajeriya su sa ƙaramin injin fetur, ruwa ya taso. Wurin Alu ruwan yana can ƙasa, sai burtsatse da famfon lantarki, famfon kuma sai janareta. Wani tsohon janareta ne mai shan gas, baƙi ƙirin, idan ya tashi har haƙoran mutum rawa suke yi. A bukka ɗaya suke zama da Alu saboda ɓarayi. Shekara da shekaru yana shaƙar hayaƙin nan, har tari ya kama shi, irin mai tasowa daga can cikin ƙirji. Likita a Jega ya ce masa ya nisanci hayaƙi. Alu ya ce to, ya dawo ya zuba gas ya murza. Ya tsani injin nan kamar me, ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai "la'anannen nan".

To, ana cikin noman rani, zafi ya fara leƙowa, sai ga wata doguwar tirela ta shigo da farar kwantena a bayanta. Ina kwasar tuwo na ga ta wuce. Wani kamfani ne, ban riƙe sunansa ba, suka kafa rumfuna a filin da ke kusa da hanyar lambuna, suka kawo motar ɗaga kaya, suka sauke kwantenar a ƙasa. A ƙasa fa! Nan gizo ke saƙar. A'a, bari in faɗa muku dalla-dalla: a kasuwarmu mota ba ta zuwa daga nesa ta sauke kaya sai ciniki ya riga ya faɗa. Mai kallo a kan mota yake kallo. In ka ga kaya sun taɓa ƙasa, to sun zo ke nan. Yaron goye ma ya san wannan a Aliero.

Washegari aka yi taro, na rufe tukunya na je. Ɗaliban jami'a sun cika wurin, manoma suna gefe sun harɗe hannu. Wani mai farar riga ya yi bayani da Turanci, tafinta yana juyawa. Ya ce wannan kamannin ƙaramar tashar lantarki ce ta nukiliya, wadda ake ɗauka a mota. Ya ce makamashinta a rufe yake a ciki, yana ba da zafi, zafin ya zama wuta, a yi shekaru ba a ƙara mata komai ba. Ba gas, ba hayaƙi, ba wannan ƙara mai kashe kunne. In ta gaji a ɗauke ta a mayar wa masu ita. Wani tsoho ya tambaya ko ba ita ce bom ba, aka yi dariya, mai farar riga ya daɗe yana bayanin cewa ba a yi ta don fashewa ba, amma dai abu ne mai son tsaro da izinin hukuma da ƙwararrun masu kula. Sannan ya faɗa, da kunnena na ji, ya ce wannan da muke gani kwango ne kawai na nuni, babu komai a cikinsa, ba sayarwa suka zo yi ba, ta gaskiyar ma ana kan gwajinta a ƙasashen waje.

Sai na ga dillalan albasa suna kallon juna suna murmushi. Na san murmushin nan. Shi suke yi idan baƙauye ya shigo da kaya ya ce wai ba sayarwa zai yi ba, ya dai zo ganin kasuwa. Wanda duk ya ce ba sayarwa ya zo yi ba, kuɗi yake so a ƙara. Haka aka ɗauki maganar bawan Allahn nan, daf-daf.

Da yamma Alu ya zo rumfata, fuska kamar an ba shi kujerar Makka. 'Yarsa Husna tana nan tana taya ni wanke kwanuka. A jami'ar garin take, ilimin lissafi da su lantarki take karantawa.

"Yaya, kin ji ko? Ba hayaƙi!" in ji shi.

Husna ta ce, "Baba, kwali ne hwa. Na leƙa ciki, hotuna ne da fitilu. Ko da a ce gobe anka yarda a kawo ta gaskiya, sai an yi shekaru."

Ya yi dariya har tarin ya taso masa. "Ke littahi kika sani, ni kasuwa na sani. Wa zai biya tirela tun daga bakin teku shi kawo kwali? Shi sauke shi ƙasa? Suna jiran gwamnati ta ƙara musu ne, da an daidaita za su kunna."

Na ce, "Alu, mutumin nan da bakinsa ya ce ba komai ciki."

"Ke ma da bakinki kina cewa nama ya ƙare, alhali kin ɓoye wa direbobi."

Na jefe shi da ludayi, ya kauce, aka yi dariya aka tashi. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka hirar majalisa ce, irin wadda maza ke yi su kashe ta a wurin.

Ashe majalisar 'yan albasa da Alu ke zama a cikinta ta ci gaba da lissafi. A sana'ar albasa, da sabuwa ta doso kasuwa, mai tsohuwa ba ya barci, zubar da ita yake yi kafin ta faɗi. Suka ce haka janareta zai zama: ran da aka kunna akwatin nan, kowane injin gas ya koma kayan gwangwan. Mai wayo shi ne wanda ya sayar yanzu, ga wanda ke nesa, wanda labari bai kai masa ba. Sauran duk baki ne, ba wanda ya motsa. Ƙanena kaɗai ya tashi ya aikata, don shi ne ƙirjinsa ke ciwo. Ya shayar da lambun ya ƙoshi, ya samo mota, ya kai la'anannen nan garin Maiyama ya sayar wa wani Bafillace mai shanu, Labbo. Abin da ya samu kuma ya biya ta Jega ya zuba shi a wayar lantarki, dami guda, da za ta jawo masa wuta daga filin zuwa burtsatse. Bai gaya mini ba, bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa Husna ba.

Ba a jima ba tirelar ta dawo. Ina zaune na ga an ɗaga farar kwantenar kamar an ɗauki kwandon banza, aka ɗaure, aka nufi hanyar Jega da ita, wai wani gari za su nuna ta. A majalisa kowa ya ce shi dama ya faɗa. Alu bai zo cin tuwo ba ranar, bai zo washegari ba. Na ce ko aiki ne ya yi masa yawa.

Husna ce ta shigo mini da rana tsaka, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Gwaggo, ki taso. Baba ya saida injin."

"Wane injin?"

"Na ban ruwa. Tun kwanaki. Lambu na mutuwa, shi kuma yana zaune yana jiran mota ta dawo."

Innalillahi! Na bar tukunya a kan wuta, muka hau babur. Tun daga nesa na san da matsala, don ba ƙara, tsit kamar maƙabarta. Albasar kasuwa da ke gangare ta yi laushi, bakin ganyen ya fara ja, amma da ranta. Ta irin ce a can sama, inda ƙasar ta fi rairayi, ita ce ta fara jin jiki. Tsirran da ya kamata su tsaya cak da fararen kawunansu duk sun sunkuya. Alu yana bakin bukka, ga damin waya a gefensa ko kwance shi bai yi ba.

Na zage shi. Ba zan ɓoye ba, na zage shi tas, zagin da ban yi masa ba tun yana yawo ba wando. Na ce kai wane irin mutum ne, da furfurarka, ka saki abin da ke hannunka saboda fentin kwantena? Na ce ko ka yi wautar, me ya hana ka buɗe baki tun ran da motar ta tafi? Ya ce ya zaci sun je ɗauko ta gaskiyar ne. Daga baya ya ce, a hankali, kunya ce. Ya ce ta yaya zai shiga majalisa ya ce a ara masa inji, bayan shi ya fi kowa cika baki. Kunya! Na ji kamar in rufe shi da duka, sai kuma tausayi ya kama ni, haushin ya ƙaru.

Muka tara 'yan ga-ruwa, suka yi ta turo kura suna juye jarkoki a kan albasar irin. Ƙasar ta shanye kamar ba a zuba ba. Ƙananan injinan maƙwabta ba sa iya jawo ruwan burtsatse, wanda ke da babban janareta kuwa nasa lambun yake shayarwa. Alu ya koma Jega da wayar, mai shagon ya ce abin da aka yanka ba ya komawa. Masu ba da haya duk injinansu suna gonaki, lokacin ne ai. Sai na ce to, saura Maiyama, kuma ni zan je, tunda shi ƙafarsa ta yi nauyi.

Na sami Labbo a bayan gari, dogo, siriri, da carbi a hannu. Ga la'anannen nan an ɗora shi a kan dakalin siminti, an wanke shi, yana ta tuttula ruwa cikin kwatami, shanu sun jeru suna sha. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini nono, ya bar ni na yi bayanina har na gama.

Ya ce, "Hajiya, ciniki ya faɗa gaban shaidu. Ya ce ya sayar, na ce na saya."

"Na sani, Malam Labbo. Ba tada ciniki na zo yi ba. Aro na zo roƙo."

Ya ja carbi. "Ran da ya kawo shi, na tambaye shi, mi ya sa mai lambu ke saida inji tsakiyar rani? Ya ce wai ya gaji da noma. Ni kuwa na ji labarin akwatin, ɗana na jami'ar nan taku, ya gaya mini kwango ne. Na gane ƙanenki gani yake ya sami baƙauye, zai juye mini abin da ya kusa zama banza."

Gaskiya ya faɗa. Kunya ta rufe ni, ni da ban ci ba ban sha ba.

"Da kin aiko yaro da na ce a'a," in ji shi. "Kin taso da kanki, da girmanki. Zan ba da aro, in shanu sun sha ku ɗauka, ku maido kafin su sake nema, haka har ku cire albasa. Gas naku ne. Amma shi zo da kanshi, shi faɗi abin da ya yi niyya gaban mutanen da sunka shaida cinikin."

Na roƙe shi ya bari in tafi da injin a ranar, Alu ya zo daga baya. Ya ce a'a, cikin ladabi, irin a'ar da ba ta da ƙofa. Na dawo hannu banza, ina lissafin rana guda da za ta ƙara tafiya a kan tsirran nan.

Na zaci sai na ja Alu da igiya. Da na gaya masa, ya tashi ya ciro babbar rigarsa ta Juma'a. Tare muka je washegari. Ya tsaya gaban Labbo da dattawa ya ce, "Na kawo maka injin nan ina ganin na cuce ka. Na yi maka ƙarya na ce na bar noma. Ka yahe mini." Idona ya cika, na juya ina gyara mayafi. Labbo ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya sa 'ya'yansa suka kwance injin suka ɗora a mota.

A hanyar dawowa, wajen Jega, Alu ya ce, "Amma Yaya, abin nan da sunka faɗa, akwai shi da gaske ko?" Na ce Husna ta ce akwai masu ƙera shi, wata rana yana iya zuwa. Ya ce, "Ba hayaƙi." Na ce ba hayaƙi. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da kallon titi.

La'asar ta yi muka isa lambu. Husna ta haɗa wayoyin famfo, Alu ya zuba gas, ya murza. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi a fuskarsa, ya kama. Ya tsaya a cikin hayaƙin nan yana cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, yana tari yana faɗa. Abin ya ƙona mini rai.

Ruwa ya taso, ya bi magudana. Alu ya ɗauki fartanya yana gaba ruwa yana binsa, yana buɗe fangali ɗaya bayan ɗaya. Albasar gangare ta sha, kuma kowa ya san za ta tashi, ko da kawunan ba za su kai na kullum ba. Muka bi shi har sama, wurin ta iri. Ya tsuguna ya kama kan tsiri ɗaya ya murza a tafin hannu, ya hura. Ƙaiƙayi ne, ba ƙwaya. Ya matsa gaba ya murza wani, ya sake wani, har ƙarshen layin. Ya tona gindin ɗaya da yatsa, ya duba, ya mayar da ƙasar.

Husna ta ce, "Baba, a ba ta ruwan mana, ko Allah zai sa."

Ruwan ya riga ya iso bakin fangalin. Alu ya sa fartanya ya jawo ƙasa ya toshe shi, ya danna da ƙafa, ya juya shi ya koma gangare.

"Kar a ɓata gas," in ji shi.

Ya daɗe a tsaye yana kallon ruwan yana komawa. Sannan ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada 'yarsa ta ji.

"Yaya, ke da kike bakin kasuwa. Wa kike ganin ke saida iri mai ɗan dama-dama?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, na ga ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.